Haƙorin da Ilaitia Ya Karɓa

Ranar wata Alhamis, bayan an tashi makaranta, dattawan gunduma suka zo suka ɗauke wa Malam Ilaitia matarsa. Da ladabi suka zo, sun tuɓe takalma a bakin ƙofa, suna tafe a sunkuye kamar masu neman allura.

Shi da matar tasa, Torika, ne ke riƙe da makarantar ƙauyen, can kudancin tsibirin Kadavu. Ita ce shugaba, shi mataimaki, kuma abin bai taɓa cin ransa ba, don ya san wa ya fi. Shi littafi ya iya, ita yara ta iya. Shekarar da guguwa ta yaye rufin makarantar, a gindin mangwaro ta koyar da su, a kan yashi suka yi lissafi, suka ci jarrabawa har aka faɗi sunan ƙauyen a rediyo. Rediyon nan shi ya ja musu.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka dama kava, abin shan saiwa na zaman manya, ƙoƙo ya zagaya. Sannan Sakiusa, taubashin Ilaitia kuma kakakin sarki, ya gurfana ya fito da tabua, haƙorin babban kifin teku, wanda ya yi ja don tsufa, da igiyarsa ta zaren kwakwa. Ya riƙe shi hannu bibbiyu ya yi dogon jawabi. Ƙasa ce ke roƙo, in ji shi, Malama ta tsaya musu takarar majalisa a Suva, babban birni.

Ilaitia ya dubi Torika. Tana gefen mata, idonta a kan tabarma. A irin wannan zama maigida ke amsawa, kuma ba a ce wa tabua a'a da fatar baki. Mai son ƙi sai ya fito da nasa haƙorin ya ɗora a kan na masu roƙo, su koma da biyu, ba wanda ya kunyata. Haƙori ɗaya gidansu Ilaitia suka taɓa mallaka, shi ne kuwa aka kai wa mahaifin Torika ranar neman aurenta.

Ya miƙa hannu ya karɓa. Aka tafa.

"Taubashi, sai ka koyi dafa rogo," in ji Sakiusa yana saka takalmi. "Ruwa ake fara zubawa a tukunya, ba littafi ba."

"Kai da ka shekara uku a aji biyu, yau kai ke zaɓar wa ƙasa shugabanni," in ji Ilaitia. "Allah ya jiƙan ƙasa."

Da suka watse ya tarar da Torika tana wanke akushin kava.

"Da ka tambaye ni," ta ce.

"Da kin ɗaga ido."

"In na ɗaga, me za ka ba su? Ƙamus?"

Suka yi dariya su biyu. Daga ranar ba su ƙara ta da maganar ba.

Ta ci zaɓe, ta koma Suva. Shi ya zauna, don ba a rufe makaranta saboda an yi 'yar majalisa. Ya karanta tarihi isasshe, ya san yadda abin ke tafiya: mutum ya shiga majalisa da wuya kamar na zalɓe, ya fito wuya ya haɗe da kafaɗa. Ya zuba ido ya ga nata ya yi kauri, ko ya sami abin zargi. Bai samu ba. Ta sa aka ba yaran ƙananan tsibirai kwalekwale mai inji, aka gina wa malaman karkara gidaje masu rufi. Yakan ji ta a rediyo tana cewa, "Mai girma minista, ba tambayar da na yi ka amsa ba. Sake." Duk ƙauyen ya fashe da dariya, don kowa ya taɓa shan wannan "sake" ɗin a gaban allo. Ilaitia kaɗai ke kashe rediyon. Mutumin da aka ƙwace wa abu don a yi alheri da shi ba shi da inda zai kai ƙara.

Abin da ya rasa ba wani babban abu ba ne da za a faɗa wa mutane. La'asar ce kawai. Ita a baranda da jan biro da tulin littattafan yara, shi yana karanta mata labarin yaƙe-yaƙen mutanen da, tana cewa, "Tsallake surutun, kai mu inda aka yi faɗa." In ruwa ya janye su sauka bakin teku, ta ɗaure zani a gwiwa tana tsintar kaguwa, shi yana riƙe da bokiti yana ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Yanzu in jirgin ruwa ya kawo ta hutu, kafin ta ajiye jaka tabarma ta cika da masu buƙata. Kowane zaɓe kuma Sakiusa ya dawo da wani haƙorin, Ilaitia ya miƙa hannu. Furfura ta fito musu a haka, kowa a tsibirinsa.

Wani hutu ya neme ta a gida ya rasa. A makaranta ya same ta, ita kaɗai, zaune kan bencin yara, tana juya guntun alli a hannu. Ta rame. Awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu.

"Mai girma ta zo duba aiki ne?"

"Bakinka dai ya ƙi tsufa, Malam." Ta shinshina allin. "Su Sakiusa za su sake zuwa kafin Kirsimeti."

"Na sani."

"To."

Ta jira. Wannan karon idonta a kansa yake. Shi ya sunkuyar da kai, don mai hannu wofi ba ya alkawari.

Jirginta na tashi ya nufi gidan Sakiusa. Tsohon ya kusa makancewa, yana zaune a inuwa yana tufka igiya. Ilaitia, wanda bai taɓa roƙon kowa ko gishiri ba, ya zauna ƙasa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sakiusa ya yi dariya har da tari. "Wato in ba ka haƙori, in zo da wani, ka kore ni da nawa? Karatun nan naka ashe sata ya koya maka."

"Za ka bayar ko in tashi?"

"Zauna, jaki mai tabarau." Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da abu a naɗe cikin ƙyalle. "Na kakanmu ne, ni da kai. Amma ka tambaye ta tukuna."

Ilaitia ya ce in ta dawo zai tambaye ta a bakin jirgi, kafin masu buƙata su kewaye ta. Ya yi ta bitar maganar a hanyar makaranta, yana ragewa, yana gyarawa, don ba ya so ta yi kama da roƙo.

A ofis ta yanke jiki ta faɗi, majalisa na dab da tafiya hutu. Rediyo ya riga kowa gaya masa. Jirgin ya iso ranar da aka saba, da tuta a lulluɓe kan akwatin gawarta.

Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa ƙungiya-ƙungiya, daga gwamnati, daga coci, daga tsibiran da bai taɓa takawa ba, kowace da nata tabua kamar yadda aka gada. Yana karɓa, ana tafawa, ana ajiyewa a gabansa, har suka yi tsibi a kan tabarma. Da su zai iya korar dattawan ƙasar kaf, shekara da shekaru. Sakiusa na gefensa, yau ba tsiya a bakinsa.

Ilaitia ya dubi akwatin. Maganar tana nan yadda ya gyara ta, gajera, ba roƙo a ciki. Sai ya faɗa mata.

"Malama, mai koyar da aji uku ta yi aure ta tafi, yara na zaune ba kowa. Ranar Litinin ake komawa."