Tafiyar Nei Bwenata

Nei Teraaka da Nei Bwenata (Nei laƙabin mata ne a yarensu) jirgin ruwa ɗaya ya kawo su tsibirin Wagina, suna 'yan mata, shekarar da fari ya ƙone kwakwar tsibirinsu na asali, Orona, har gwamnati ta kwashe mutanen wurin gaba ɗaya. Sun yi aure a nan, sun haihu, sun binne mazajensu. Abin da ya rage musu shi ne inuwar rumfar da ake shanya ciyawar teku, inda suke wuni suna tsince tsakuwa da ƙwanso daga cikin ciyawar, baki bai hutawa.

Hirarsu ba kowa ke gane ta ba. Da karin maganar Orona suke yi. Teraaka ta ɗauko kai, Bwenata ta ƙarasa, ta mayar mata da wanda ya fi zafi. Da shi suke gulma, da shi suke faɗa, da shi suke shiryawa. Matasa in sun zo ɗaukar buhu sai su ce, "Tsofaffin nan sun kunna rediyonsu."

Sai idon Bwenata ya fara mutuwa, ta kuma soma mance tukunya a wuta. Ɗanta Ioteba ya zo daga birnin Honiara ya ce zai tafi da ita.

"Inna, kusa da asibiti nake," ya ce wa Teraaka. "In ta ji sauƙi zan dawo miki da ita."

"Dawo mini da ita? Ce maka aka yi ina so? Kwashe ta, kunnena ya huta."

Bwenata ta yi dariya. "Ƙyale ta, bakin ne kawai. Tun muna yara haka take, kuka a ciki, cizo a waje."

Ranar tafiya Teraaka ta raka su bakin ruwa da ƙunshin busasshen kifi. Ta so ta faɗi wani abu mai nauyi, irin wanda iyayensu ke sallamar matafiyi da shi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ki riƙa rufe kanki, rana."

Bayan nan rumfar ta yi mata faɗi. Wani lokaci sai ta ga abin magana, wata amarya ta wuce tana taƙama, ko wani ya dawo daga kamun kifi hannu wofi yana cika baki, ta ɗauko kan magana ta jefa, sannan ta tsaya jira. Babu mai cafewa. Rabin maganar ya tsaya mata a baki kamar ƙayar kifi.

Jikarta Meere, wadda ke goyon ɗanta na fari, ta tausaya mata. "Kaka, koya mini mana, ni sai in riƙa ba ki amsa."

Teraaka ta gwada. Amma maganganun duk na ƙasar da ba tudu ne, inda mutum ke tsayawa ya ga teku gabas da yamma, inda ake kallon hadari kamar baƙo mai daraja. Meere kuwa a ƙasar ruwan sama da kurmi aka haife ta. Kowace magana sai an yi mata bayani, in an gama bayanin kuma daɗin ya tafi. Meere ta haddace wasu, tana faɗa daidai, sai dai ba a inda ya kamata ba.

"Kin yi ƙoƙari, 'yar nan," in ji Teraaka. "Je ki ba yaro nono."

Da aka sayar da ciyawar bana, Teraaka ta ɗaure kayanta ta ce Honiara za ta. Aka yi ta lallashi, ta ƙi. Ta hau jirgi, ta sha amai, ta isa.

Gidan Ioteba na kan tudu. Matarsa ta kai ta wani ɗaki, tana raɗa mata, "Inna, kada ranki ya ɓaci in ba ta gane ki ba. Mu ma wani lokaci ba ta sanin mu."

Bwenata na zaune a kan tabarma, ta rame. Teraaka ta zauna kusa da ita ta ce, "Tsohuwar banza, an zo birni an manta da mutane."

Bwenata ta juyo da fuska wajen muryar. "Teraaka? Ina kika shige tun safe? Babanki na nemanki. Kwale-kwalen sun dawo?"

Teraaka ta gyara zama. Mahaifinta a Orona kabarinsa yake. Sannan ta ce, "Sun dawo. An samu kifi sosai."

Daga nan hirarsu ta zauna a Orona. Bwenata ta tambayi mutanen da suka daɗe da mutuwa, Teraaka ta ba ta labarinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi aure, wa ya faɗo daga kwakwa. Sunayen da ta yi zaton sun ɓace mata suka riƙa zuwa da kansu. Da Bwenata ta nemi ruwa aka kawo na famfo, ta kurɓa ta tofar, ta ce wannan ba na rijiyarsu mai ɗan gishiri ba ne, salam yake. Teraaka ta je kicin ta ɗan barbaɗa gishiri a ciki. Bwenata ta shanye tas.

Ioteba ya zo bakin ƙofa da yamma ya ce jirgin Wagina zai tashi ranar Asabar, ko ya kama wa Teraaka wuri.

"Bari tukuna," ta ce. "Ka aika wa Meere ta kula da kajina. Kuma ka samo mini wata tabarmar, a nan ɗakin zan riƙa kwana."