Minti Ɗaya a Bencin Ɗakin Wanki

…kuma ba zan yi kuka ba, balle a ce Raisa mai wankin ƙungiya ta tsufa har ta fara jiƙa rigunan ƙwallo da hawaye. Shekara arba'in da ɗaya a ɗakin nan. Inji yana juyi, ni ina juyi. Jirginka ƙarfe huɗu ne, Rodya, ga shi biyu ta gota — za ka shigo kuwa?

Rodion Savelyevich, wai. Haka jaridu ke kiranka, haka babbar ƙungiyar da ta ɗauke ka koci za ta kira ka gobe. Ni dai Rodya na sani, ɗan shekara goma sha bakwai, ƙafafu kamar sillen kara, takalmin aro an cusa masa jarida. Lamba biyar, mai tsaron baya. Rigarka ta fi ta kowa taɓo, gaba da baya, har zaginka nake yi… amma a nan na koyi ƙwallo. Wa ya koya mini? Taɓo. Wanda wandonsa ya dawo fes, yawo ya je. Wanda gefen cinyarsa ya yi kore, shi ya yi aiki.

Ga bencin nan. Kafin kowace tafiya sai ka shigo mun zauna, yadda kowa ke yi a ƙasarmu kafin ya kama hanya — kaya a ƙofa, a zauna, a yi shiru minti ɗaya, sai babba ya ce a tashi. Ni ce babba. Shekara goma ba fashi.

Sai ranar nan.

Safa ba ta bushe ba, direban bas yana ta danna hon, kaina ya ɗau zafi. Ka shigo, har ka lanƙwasa gwiwa za ka zauna, na ce, "Tafi can, malalaci, ba ka ji ana jiranka ba?" Ka yi dariya. "To, Goggo Raya, yau kora ce?" Ka fita. Ana dab da tashi wasa, aka ce, wani ya shigo maka ta gefe… Gwiwar nan dai. Wadda ka lanƙwasa ba ka zauna ba. Wandon ya dawo mini an keta shi da almakashi. Na wanke. Me ya sa na wanke shi?

Camfi ne, in ji mijina Kuzma, Allah ya jiƙansa. "Ke da ba ki yarda da likita ba, da benci za ki yarda?" Camfi ne, na sani. Na sani! To me ya hana abin ya sake ni shekara ashirin da biyu?

Ba ka taɓa tayar da maganar ba. Ko sau ɗaya. Da ka zage ni, da na sami sauƙi. Ka tafi da sanda, ka yi ta horar da ƙananan ƙungiyoyi a garuruwan da jirgi ba ya tsayawa, aka kore ka sau biyu, ka dawo mana koci da furfura. Ranar farko, kafin ofis, nan ka fara shigowa. Ka zauna. Kamar jiya ka tashi.

Da sababbin shugabanni suka ce a sallami tsohuwa, a ba kamfani wanki fa? An tsegunta mini abin da ka ce: "Kamfanin zai gaya mini wanda bai yi gudu ba?" Duk Litinin ka tsaya kan kwando — "Goggo, wa ya cuce mu wannan karon?" — in ɗaga wando, ba ruwana da sunan mai shi. Ka ajiye wani ɗan wasa, gaye mai yawan gyaran gashi, saboda maganata, duk gari ya zage ka, a ƙarshen kakar wasa muka hau rukunin sama. Sannan gawar Kuzma… ku shida kuka ɗauka, kai a gaba, da gwiwar nan, a kan ƙanƙara. Na ga yadda kake cizon leɓe. Wa ya sa ka? Ɗan da na haifa ma waya ya bugo.

Na gode. Ga shi na faɗa, inji ya ji. Wannan ai mai sauƙi ce. Ɗayar ce mai wuya: Rodya, ni na hana ka zama, ka yafe mini. Yau ko babu. In ka tafi, wa ya ce zan ga bazara?

Takunka. Ɗaya da ƙarfi, ɗaya ana ja. Akwati a ƙofa. Ka cire hula, ka zauna, benci ya yi ƙara. Shiru. To ai ba a magana a zaman nan! Tsohuwar kawai, shekara ashirin da biyu kina da baki, sai yanzu da ba halin buɗe shi…

Kafaɗarka tana taɓa tawa. Ka miƙe ƙafar, kana shafa ta. Mantawa ka yi? Ko kuwa duk zaman da ka yi a nan tun dawowarka amsa ce, ni ce ban ji ba?

Minti ya cika. Na biyu ma. Mai mota yana danna hon a waje — irin na ranar nan sak. Ba ka motsa ba, ba kuma za ka motsa ba sai na ce a tashi. Ni ce babba…

Bari ya yi ta dannawa. Ya yi ta yi. Zaman ranar nan ma ba mu yi shi ba tukuna.