Ƙofar da Ba a Zana Ba

"Duba nan, Kubura," in ji Malam Ɗalha, yana nuna takardar da yatsa. "Ƙofa nawa kika gani?"

Dubiya na shigo, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma mutumin nan ko "ya jiki" bai bari na ƙarasa ba. Zanen ƙarin ginin laburaren Gwandu ne a cinyarsa, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki kafin ciwon ƙoda ya kayar da shi. Na leƙa. An zana zaure babba da tagogi dogaye, har da ɗakin kwamfuta.

"Guda ce, Malam."

"Guda. Kuma bakin titi, inda maza ke zaman hira. Wace mace za ta ratsa su?"

Matarsa Zulai ta miƙo masa kunu, ya ture. Wai mai zanen, Mufida, wata yarinya 'yar Kalgo da ke aiki Birnin Kebbi, ta zo yana asibiti. Ta karɓi rajistar aron littattafai ta duba tun daga farko, ba ta ga sunan mace ko ɗaya ba, sai ta yi gininta don maza da 'yan makaranta.

"Laifina ne," ya ce. "Ni na ɓoye ku."

Gaskiya ya faɗa, kuma don mu ya yi. Mazanmu ba su yarda a rubuta sunan matansu cikin littafin da kowa ke buɗewa ba. Sai Malam ya riƙa ɗauko mana littattafai a kwandon kekensa, yana rubuta sunan maigida. Mijina marigayi, Isa, wanda ko takardar magani ni ke karanta masa, a rajista ya fi kowa karatu a unguwarmu.

"Litinin za a sa wa zanen hannu," ya ce. "Gobe Asabar in Allah ya yarda zan tafi Kalgo in same ta. Ƙofa ta lungu, da ɗaki guda na mata. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Da wace ƙafar?" na ce. "Kai da ko bayi sai an riƙe ka."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Asabar da hantsi, Zulai ta fita ɗauko masa hula, ta dawo ta tarar rai ya yi halinsa. Na yi kuka, kuma wallahi har da haushi a ciki, don ya tafi da maganar a bakinsa.

Lahadi ana zaman makoki, Safiya matar mahauci ta raɗa min: "Akwai littafi wurina, da hannunsa ya rubuta aron. Kada a tambaye shi a kabari."

Ni ma biyu ne ƙarƙashin katifata. Magana ta zaga. Kafin azahar mata na ta shigowa, kowa da abu cikin mayafi, suna ajiyewa a tabarma gaban Zulai. Wani littafin ya sha manja, wani an ɗinke bayansa da zaren kitso. Har daga Masama wata ta aiko da uku.

Ana haka wata siririya ta yi sallama, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce ita ce Mufida. Ta tsaya kallon tarin.

"Gwaggo, waɗannan na marigayi ne?"

"Na laburare ne. Mu muka ara."

"Ku? Ai rajista..."

"Rajista ta mazanmu ce, ɗiyata. Karatun namu ne."

Na gaya mata abin da zai kai shi Kalgo. Ta shafa bayan wani littafi da ya yage.

"Ban tambayi kowa ba," ta ce a hankali. "Ban san ko manyan ofis za su yarda in canja ba, an makara. Amma in na je da sunaye, zan iya tsayawa."

Ta ciro biro da takarda. Mata suka matso ɗaya bayan ɗaya, wasu na faɗin sunansu ƙasa-ƙasa kamar masu jin kunya. Mun kai arba'in da ɗoriya, Zulai ta ɗago kai daga cikin mayafin takaba.

"Sa ni," ta ce. "Zulaihatu. Ni da sunansa yake rubutawa."

Mufida ta juya takardar, don gaban ya cika, ta rubuta a baya.