Ranar da Amani Ya Sha Madarar Shimale

Amani, abin bautarmu, ba ya magana da baki, kowa a Tabake ya san haka. Yana zaune cikin ɗan jirginsa na zinariya, mu kuma muna ɗauke da jirgin a kafaɗa bisa dogayen sanduna. Sarkin tsafi zai yi tambaya, ya kaɗa cakin tagulla. In cakin ya yi shiru sai jirgi ya motsa. Ya yi gaba, Amani ya yarda; ya ja baya, ya ƙi. A ƙarƙashin sandan nan na tsufa, kuma har yau in an tambaye ni wa ke motsa jirgin, nakan ce nauyi ne ke zuwa, ƙafa ta bi.

Wanda ke ɗauka a gabana shi ne Maleke, ya girme ni, ƙeyarsa na fi sani fiye da fuskar matata. Ɗa ɗaya gare shi, Shiye, maharbi, ya auri 'yar Shimale ya zauna can, har an yi masa haihuwa ba a kai ga kawo jaririn ba.

A shekarar ne ambaliya ta janye ta bar wani sabon tsibiri tsakaninmu da Shimale, ƙasa baƙa wuluk, ko tsinke ka soka sai ya tsiro. Mu muka ce namu ne, su ma suka ce nasu ne. Sarkin yaƙinmu Arekete, wanda ya daɗe bai sami abin da zai nuna wa sarauniyarmu Kandake ba, ya ce kwari da baka ne za su raba. Amma ba a ɗaura kwari a Tabake sai an tambayi Amani.

Ana gobe tambaya sai ga wasu ƙarti daga barikin Arekete, wai ya ba da su kyauta ga ɗakin tsafi don su rage wa tsofaffi nauyi. Aka jera su a sandunan baya. Ko naɗa gammon kafaɗa ba su iya ba. Na tambayi ɗayansu ko an koya masa aikin, ya ce an koya masa, ai ba wuya: caki na yin shiru, sai gaba.

Washegari sarkin tsafi ya tambaya ko a tafi Shimale da yaƙi. Caki ya yi shiru. Ban taɓa jin Amani ya yarda da abu da irin wannan ƙarfi ba, saura kaɗan mu tattake sarkin tsafin. Na ga gumi na gangarowa a ƙeyar Maleke. Da muka sauke ya ce da ni, "Ƙanena, ni zan ɗauki Amani in kai shi inda za a harbi ɗana. Ko kuma ɗana ya harbe ni, ya fi kowa saiti." Na ce masa ya kwantar da hankali, ƙeya irin tasa ko makaho ya gane ta daga nesa. Bai yi dariya ba.

Aka haye da mu a jiragen fito, muka bi gaɓa, Amani a gaba, maharba a baya. Rana ta take lokacin da muka isa. Mutanen Shimale sun jeru bisa ganuwa, Maleke yana ta leƙe ta ƙarƙashin sanda ko zai hango ɗansa.

Sai ƙofa ta buɗe. Maimakon mayaƙa, tsohuwa ce ta fito, Kadimale, mai kula da ɗakin Zaki, abin bautarsu. Tulun madara a ka, caki a hannu, tana tafe kamar mai zuwa kasuwa. Mai ɗauke da caki ba a tare ta, ko Arekete bai isa ba. Ta wuce shi ko kallo, ta dubi Maleke ta ce, "Surukinmu, kai ne haka ka rame? Ba sa ba ku abinci a Tabake?" Sannan ta durƙusa, ta zuba madara a gaban jirgi, ta ɗaga murya yadda rundunar duka za ta ji. Ta ce Zaki yana gai da ɗan'uwansa Amani, ya ga ya sha rana a hanya, shin zai shigo ya sauka a gidansa baƙo?

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In abin bauta ya sauka baƙo a gari, mutanensa ba sa zare kibiya a garin har ambaliya ta sake zagayowa. Na ga Arekete ya juyo da sauri yana neman idon ƙartinsa, amma kawunansu na ƙasa, kunnuwansu na ga caki.

Tsohuwa ta kaɗa, ta daina.

Mu tsofaffi ba mu yi komai ba, na rantse da ƙahon Amani. Ɗaga mu aka yi. Kafin mu ankara mun wuce ƙofa da gudu, takalmin Maleke ɗaya ya tsaya a waje.

Arekete ya tarar da sarkin tsafinmu a zaure yana huci, ya ce wannan ba amsar Amani ba ce. Sarkin tsafi ya gyara fatar damisarsa, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, kafaɗun da suka amsa maka a gida su ne suka amsa mata. In akwai abin da ka sani game da su, faɗa mini a gaban jama'a, sai mu soke amsoshin duka biyu." Sai Arekete ya tambaya ko mutanen nan suna da giya mai kyau.

Suna da ita kuwa. An yanka shanu, an gasa kifi, an kawo dabino a faifai. A kan tulunan giyar dattawa suka yanke cewa tsibirin na Amani da Zaki ne, a noma tare, a raba wa ɗakunan biyu. Wato masu tsafi suka ci riba, kamar kullum.

Maleke kuwa na same shi a gindin bango, ƙafa ɗaya ba takalmi, jaririn a cinya, Shiye na tsugune gefensa yana kwance tsirkiyar bakansa. Jaririn ya jiƙa masa zani sharkaf. Ya dube ni ya ce yau kam an yi masa wankan tsarki, in je in gaya wa sarkin tsafi a nemi wani ya riƙe sandansa, shi ba zai koma Tabake ba sai an yaye yaron.