Sandar da Ta Yi Ganye

Mai Laima bai taɓa shuka ko albasa ba a rayuwarsa. Sana'arsa gyaran laima, a wani ɗan ɗaki da ke bakin ƙofar gidansa, inda laimomin mutane ke rataye a sama kamar jemagu. Hannunsa ya san waya da allura, ƙasa kuwa sai dai ya taka ta ya wuce. Amma mutum ne da in ya ga abin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba, ƙafarsa ba ta iya gaba. A kan tagar shagonsa akwai dutse mai huda a tsakiya, da cokali mai kai biyu, da wani mabuɗi da ba wanda ya san ƙofarsa.

Wata safiya, yana dawowa daga sayen waya yana ɗingishi, ya bi ta gaban wata mata mai sayar da furanni, sai ya ci birki. Ya san furen wardi, wanda ke bazuwa kusa da ƙasa yana kama wa mutane riga. Wannan kuwa ƙafa ɗaya gare shi, siririya, miƙaƙƙiya, ba reshe ba ganye har ƙirjin mutum, sannan a can sama kai ya buɗe dunƙulalle. Tsohon ya zagaya shi, ya sake zagayawa, ya ce a ransa ai wannan laima ce Allah ya tsirar.

Mai furanni ta ga kifi ya kama, ta matso. Ta ce masa abin da yake gani ba shuka ɗaya ba ce, biyu ce. Ƙafar ta wardin daji ce, mai ƙarfi amma furenta ba abin kallo ba. Kan kuma na wani wardi ne mai kyan fure amma rago. Aure aka yi musu a can sama, ta nuna masa ƙullin da suka haɗu. Ta gargaɗe shi cewa nan ne iska ke karya shi, don haka sai an kafa masa sanda dab da jikinsa, doguwa har ta shige cikin kan. A ɗaure da tsumma mai taushi, ban da waya, a gitta tsumman tsakanin sanda da ƙafar don kada su riƙa gogar juna.

"Duk tohon da ya fito a ƙasan ƙullin nan, Baba, ka cire shi," in ji ta. "Dangin ƙafa ne. In ka sakar musu fuska sai su cinye gidan."

Ya rungumo tukunyar har gida, ganye na shafar gemunsa.

To, akwai wata magana da ke damun gidan a lokacin. Kwanakin baya Mai Laima ya zame a bakin famfo ya bugu a gwiwa, kuma ana gobe zai haɗu da wardin nan ƙaninsa direba ya kawo masa sanda. Reshen ɓaure ne ɗanye shar, ya saro shi a hanya, ya bar shi da tsawonsa don yayan ya yanke daidai hannunsa. Tsohon ya karɓa kamar an miƙa masa takardar sammaci. Ya ce sanda ta tsofaffi ce. Uwargida ta tambaye shi shi kuma mene ne, jariri? Ya jingine sandar bayan ƙofa.

Da ya haƙa rami a tsakar gida, tsakanin famfo da igiyar shanya, ya zaunar da wardin, sai ya tuna ba shi da abin tokara shi. Idonsa ya faɗa bayan ƙofa. Bai taɓa jin dabara ta zo masa da daɗi haka ba. Ya kafa sandar ta wajen kaurinta, ya danna ƙasa da diddige, ya yayyanko ƙyallen wata tsohuwar laima ya ɗaure yadda aka koya masa.

Uwargida ta leƙo daga kicin ta daɗe tana kallo.

"Ashe furen ne ya faɗi a bakin famfo, Malam."

"Ya fi ni buƙata," in ji shi. "Ƙafa ɗaya gare shi. Ni biyu gare ni."

"Ɗaya da rabi dai."

Wardin ya karɓi wurin. Ya fara fure ja wur, mai duhu a ciki, ƙamshinsa na bin shanya har mayafan gidan suka ɗauka. Mai Laima ya juya bencin aikinsa yadda zai riƙa hango shi ta ƙofa, ya soki yatsarsa da allura ba adadi saboda kallo. Kullum da safe sai ya bi ƙafar da yatsa yana neman dangin da aka ce kada ya sakar musu fuska, ya tsinke su suna ƙanana. Uwargida na kiran abin laimar da ba ta tare ruwa, amma ya sha kama ta ta sunkuya tana shaƙa, in ta ji motsinsa ta ce tsintsiya take nema.

Bayan an sha ruwan sama, wata safiya yana duba ɗaurin sai ya ga wani ƙullutu kore a jikin sandar. Ya ɗauka tsutsa ce, ya sa farce. Ba ta motsa ba. Kafin a jima ƙullutun ya buɗe ya zama ganye mai yatsu kamar tafin jariri, wani ya biyo shi, wani ya sake biyowa. Sanda ta kama ƙasa.

Murnar da ya yi ba ta faɗuwa. Ya kira maƙwabta, ya kira masu kawo gyara, har da wani da ya zo tambayar hanya. Direba ya zo ya tsaya hannu a ƙugu yana cewa ai shi ya san irin reshen da ya zaɓa. Mai Laima ya ce wa ƙanin nasa yanzu magana ta ƙare, ba mai hankalin da zai tumɓuke abu mai rai don ya dogara shi. Direba ya ce, "Yaya, kai ko dutse aka ba ka sai ka lallashe shi ya yi fure, don dai kada ka riƙe shi." Mutane suka riƙa leƙowa kallon bishiya mai ganye iri biyu, shi kuwa ya ƙara yawan ban ruwa, tunda baki biyu yake ciyarwa.

Sai dai ɓaure ba ya cin abinci da kunya. Ganyensa ya faɗaɗa ya rufe kan wardin, rana ta daina isa gare shi. Furen ya fara ƙanƙancewa, ganyen ya yi rawaya yana zuba. Tsohon ya gani, ya ce canjin yanayi ne. Ya gwada rage ganyen ɓauren da almakashi, amma duk inda ya yanka sai farin ruwa ya tsattsafo kamar madara, ya ji kamar kuka abin yake yi, ya ajiye almakashin. Inda ya yanke ɗaya ma biyu ke fitowa.

Ana haka mai furanni ta kawo laimarta gyara. Ta hango abin ta ƙofa, ta wuce tsohon ba ko sallama mai kyau, ta durƙusa ta tona gindin da yatsa. Ta nuna masa wasu fararen saiwoyi da suka fara naɗe na wardin. Ta ce ta yi shekaru tana wannan sana'a, ta ga wardin da iska ta karya, ta ga wanda akuya ta cinye, amma ba ta taɓa ganin wanda sandarsa ke cinye shi ba. Rami ɗaya ba zai ɗauke su ba. In ya bar ɓauren, wardin ba zai ga wata damina ba.

Uwargida, da ke jin komai daga bakin famfo, ta ƙara nata. Ta ce ita ba ruwanta da wanda zai zaɓa, amma ya sani, ranar da sandar nan ta fito daga ƙasa, hannunsa za ta koma.

Mai Laima ya shiga tsaka mai wuya. Ya yi kwanaki yana zama gaban su biyun, laimomin mutane na jiransa. In ya kalli ɓauren sai ya ce abin da aka sare aka raba da uwarsa, ya ƙi mutuwa, ai bai cancanci a kore shi ba. In ya kalli wardin sai ya ce shi ne mai gida, wancan baƙo ne. Can ƙasan ransa kuma, inda ba ya son leƙawa, yana hango kansa a titi da sanda, mai shayi na ce masa sannu tsoho.

Wata safiya ya tarar da ƙullin fure na ƙarshe ya faɗo ƙasa bai buɗe ba. Ya ɗauka ya kai benci, ya sa allura ya ɓare shi a hankali. A ciki jan furen na nan cif, a ninke ninki-ninki, kamar laimar da aka ɗinka aka gama ba a taɓa buɗewa ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe, ya ɗebo ruwa ya jiƙa gindin.

Aiki ne na mai haƙuri, shi kuwa haƙurin warware abin da ya sarƙe shi ne sana'arsa. Ya durƙusa da tsinken ƙarfen laima yana raba saiwa da saiwa, wannan naka, wannan nata, ba ya son ya tsinka ta kowa. Rana ta ɗaga kafin ya gama. Ya kwance ƙyallen, ya kama sandar ya girgiza, ta fito da gemunta na saiwa. A nan take wardin ya fara sunkuyawa, kan ya rinjayi ƙafar, ƙullin auren ya yi wata 'yar ƙara.

"Uwargida, taimaka."

Ta rugo da kumfa a hannu ta cafe shi a ƙasan ƙullin, ƙaya ta soke ta, ta ja tsaki amma ba ta saki ba. Ta miƙar da shi, ta ce ya miƙo sabuwar sandar.

Mai Laima ya duba dama, ya duba hagu, kamar mai tsammanin wata za ta tsiro.

"Malam, kada ka ce mini ka cire wannan ba ka tanadi wata ba."

Ya ce tunaninsa bai kai nan ba tukuna. Ta ce to ya kai shi yanzu, ya tafi wurin mai katako na ƙarshen titi, kuma ya tuna tukunyarta na kan wuta. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, dogon durƙuson ya sandarar da ita. Ya sake yunƙurawa. Abin da ke kusa da hannunsa ɗaya ne, sandar ɓauren, ita ya kama, ya miƙe tsaye. Uwargida ta gani sarai, sai ta mai da ido kan furen.

Bai fita ba sai da ya jiƙa ƙyalle ya naɗe saiwoyin dam don kada su ji taka ƙasa. Haka ya bayyana a titi, yana dogara sanda mai ƙunshi a ƙafa, ganyenta na kaɗawa a saman hularsa. Mai shayi ne ya fara tare shi. Bai ce sannu tsoho ba, cewa ya yi, "Baba, yau da bishiya ka fito yawo?" Tela ya bar kekensa ya fito. Mai wanki ya nemi ya shiga inuwar. Kowa sai ya tambaya, shi kuma ba ya iya ba da labari daga tsakiya, sai ya faro tun daga auren da aka yi a sama. Ya lura da abu biyu a hanyar: gwiwar ta yi shiru, kuma ba wanda ya kalli ƙafarsa, duk ganye suke kallo.

Mai katako ya zaɓo masa sanda busasshiya, gogaggiya, ya fiƙe mata baki. Tsohon ya jujjuya ta, ya shinshina, ya tambaya ko an tabbata ta mutu. Mai katako ya yi dariya har ya zauna a kan buhun dusa, ya ce in ta yi ganye a dawo masa da ita, shi ma ya buɗe gidan kallo.

Da ya dawo, inuwar katanga ta bar inda ya bar ta. Uwargida ta jawo bokiti da ƙafa ta kifa ta zauna, hannu ɗaya riƙe da wardin, ɗayan yana korar ƙudan zuma. Daga kicin ƙauri na tashi.

"Katakon sai da ka jira aka shuka shi?"

Ya ce mutane ne suka yi ta tsare shi. Ta ce ta sani, tun daga nan ta jiyo dariyar tela. Ya sa sabuwar sandar a ramin tsohuwar don kada ya taɓa saiwa, ya buga da guduma, ya gitta ƙyalle ya ɗaure a ƙasan ƙullin da kuma tsakiya. Ta saki a hankali, yatsa bayan yatsa. Wardin ya ɗan yi rawa, ya tsaya. Rana ta sauka a kansa gaba ɗaya, sai ga wani ɗan jan toho a tsakanin rassan, wanda inuwar ɓaure ta ɓoye. Ya nuna mata. Ta ce ai tun ɗazu suke kallon juna da shi.

Ta miƙa hannunta da ya sage, ta nuna ɓauren da haɓa, ta tambayi yadda za a yi da wannan. Mai Laima ya ce ya yi tunani a hanya. Da rana zai riƙa fita da ita, tunda haka aka yi alkawari, in ya dawo kuma ya tsoma ƙafarta a cikin ƙasa mai laima ta huta. Abin da ya rage kawai a sami wani abu mai zurfi da za a zuba ƙasar.

Uwargida ta bi idonsa ta ga inda ya tsaya. Ta gyara zama a kan bokitinta, ta ce abincin ya ƙone in ya ga dama, ita ba inda za ta.