Sau Ɗaya Aka Tambayi Ama

Baƙuwar ta kwana biyu a gidanmu. Baturiya ce, sunanta Marit, ta zo ganin gidajen ibadar da ke kan duwatsu, kamar yadda suke zuwa duk kaka. Gembo ɗan kawuna ne ya kawo ta, shi ke yawo da baƙi don ya iya Turanci. Ni a aji huɗu na tsaya, sai gona da shanu.

Da safen da za su tafi, mahaifiyata, wadda muke kira Ama, tana zuba mata shayin man shanu sai tarin nan nata ya taso. Wata biyar ke nan tana fama da shi. Ta juya baya ta tofa a tsumma ta ɓoye, amma Marit ta ga jinin. Ashe likita ce a ƙasarsu. Ta kara kunne a bayan Ama, ta daɗe tana saurare, sannan ta yi magana da Gembo.

"Ama Lhaden," in ji Gembo, "wai akwai wuri a mota. Ki bi mu asibitin birnin Thimphu a duba ƙirjin nan."

Ama ta rufe baki da hannu ta ce, "Meshu, meshu."

Wato a'a, na gode. Haka ake yi a wajenmu. Ko shinkafa aka miƙo maka kana jin yunwa, sai ka ƙi sau biyu, a na uku ka karɓa. Na sunkuyar da kai ina jiran tambaya ta biyu. Ama ma ita take jira, har na ga ta saci kallon inda mayafinta ke rataye. Marit ta dubi Gembo, ya faɗa mata kalma ɗaya. Ta jinjina kai a hankali, ta ɗauki jakarta.

Mota ba ta hawowa ƙauyenmu sai ta baƙi, kuma su ne na ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Da ƙarar motar ta ɓace na ce, "Ama, kina son zuwa?"

"Wa ya tambaye ni? Sau ɗaya ai ba tambaya ba ce."

Titi kewaya dutsen yake yi, hanyar shanu kuwa miƙewa take. Kowa ya san ban iya sauri ba, amma ranar na yi. Na same su can ƙoli, inda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoton tutocin addu'a.

"Kai Kinga, damisa ce ta biyo ka?" in ji Gembo.

"Acho, me ka ce mata?" Acho nake ce masa, ya girme ni.

"Abin da Ama ta ce mana."

"Shekara nawa ka yi kana cin shinkafar Ama? Sau nawa take tambayarka?"

Ya kalli agogo. "Akwai gidan ibada biyu a gaba, za a rufe ƙofa. Kai da kake zaune a wurin, ɗinke maka baki aka yi?"

Na je gaban Marit na ɗaga mata yatsu uku, na nuna ƙauyenmu can ƙasa. Dole Gembo ya yi mata bayani. Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce wa direba ya juya.

A tsakar gida ta durƙusa gaban Ama, Gembo na fassara. Tambaya ta biyu, Ama ta rufe baki. A ta uku sai ta ce, "Kinga, miƙo mayafina. Barkonon kan rufi, ka riƙa juya shi, kar ka bar mini shi ya ruɓe."

Yau kwana goma sha ɗaya. Jiya Gembo ya kira, ya ce tana cin abinci, amma likitoci sun ce da tun damina aka kawo ta, da aikinsu ya fi sauƙi.

Na hau rufi na juya barkonon. Da damina na taɓa ce mata mu je asibiti, muna cikin dashen shinkafa. Ta ce meshu, ni kuma na ci gaba da dashe.