Tauraron da Ya Fi Kyau a Hoto

Marlys tana goge gilashin wata a-kori-kura sai ga Gordy Pruitt, mai filin sayar da motocin da take wa aiki, ya fito daga ofis, tumbinsa na gaba yana biye, da wani abu a naɗe a hammata.

"Uwar soja! Ajiye tsumman nan. Yau ke ce amaryar taro."

Tun safe aka cika filin sayar da motocin da tutoci. An kafa dandamali a bayan tirela, ana gasa tsiran alade, an kuma rubuta rangwame a goshin kowace mota. A makon nan majalisa za ta yanke ko Amurka ta tura sojoji ƙetare ko kada ta tura, shi ne Gordy ya shirya gangamin a tura. Ɗanta Travis yana cikin rundunar da za a fara ɗauka.

"Mista Pruitt, ni ban iya magana a gaban mutane ba."

"Wa ya ce ki yi magana? Ki hau, ki ɗaga wannan, ki ɗan share hawaye. Ni zan yi maganar." Ya sassauta murya. "Kin san kasuwa ta ja baya. Mutum biyu zan rage, kuma ina kallon masu kishin wurin nan."

Ta gane. Aikin nan shi ke riƙe da ita.

"Wace ƙasa ce ma za a shiga?" ta tambaya.

Ya kaɗa hannu wajen gabas, inda shagon wanki yake. "Can dai. Duk ɗaya ne. In giwa ta yi shiru, ɓera sai ya raina ta."

Marlys ta dubi giwar. Ko zaman mota na awa biyu ba ya iya yi sai ya tsaya ya sayi abin zaƙi. Ɗansa Brent, tsaran Travis, yana can gindin dandamali yana raba huluna. Ciwon gwiwa ya hana shi shiga soja, amma bai taɓa hana shi ƙwallo ba.

A ƙetaren titi masu adawa da yaƙin sun tsaya da kwalaye, rabinsu suna latsa waya. Jiya wata a cikinsu ta tare ta a kanti, ta riƙe mata hannu tana kuka, ta ce ta zo ta tsaya tare da su. Sau biyu ta kira Travis da Trevor.

Gordy ya warware abin da ke hammatarsa. "Na ga ɗan ƙyallen nan mai tauraro da kika rataya a tagarki. Ya yi ƙanƙanta, shuɗin ma ya koɗe. Na sa an buga miki babba."

Farin ƙyalle ne mai jan baki, kamar nata. Amma tauraron tsakiya ba shuɗi ba ne. Ruwan zinare ne, yana walƙiya.

Duk gidan da ya ba da ɗa ga aikin soja ya san wannan: shuɗi, yaro yana bakin aiki. Ranar da aka kawo gawarsa ake ɗinka na zinare a kan shuɗin.

"Shuɗi ba ya fitowa a hoto," in ji Gordy, ya cusa mata shi a hannu. "Wannan kuwa, dubi yadda yake kama rana!"

Kafin ta naɗe shi, tsoho Vern Haugen ya gani. Maƙwabcinta ne, ya zo cin naman banza kamar kowa. A tagarsa akwai irin wannan tauraron na zinare tun yaƙin da ya wuce, wanda ya ci ɗansa. Ya ajiye farantinsa a kan wata mota, ya cire hula, ya taho a hankali yana jan ƙafa.

"Marlys, 'yata," ya ce. "Yaushe? Me ya sa ba ki ƙwanƙwasa mini ba?"

"Yana nan da ransa, Vern. Jiya ma mun yi waya. Yana ta ƙorafin abincinsu."

Tsohon ya dubi ƙyallen, ya dubi Gordy. Ya mayar da hularsa.

"Me kuma aka yi?" in ji Gordy.

Vern ya gaya masa a taƙaice. Gordy ya sosa ƙeya, ya kalli agogo, ya kalli mai ɗaukar hoto da ke jira.

"To, wa zai lura daga nesa? Minti biyar ne kawai. In an gama ki tafi da shi gida, kyauta na ba ki. Ai ba za a rasa amfaninsa ba."

Aka kira sunanta a lasifika. Mutane suka fara tafi.

Marlys ta ninke ƙyallen, tauraron a ciki, ta sake ninkewa har ya koma kamar tsummanta. Ta nufi dandamali, Gordy yana murmushi a bayanta. A gindin matakala ta tsaya, ta miƙa wa Brent.

"Ungo, kai wa mahaifiyarka. Babanka ya ce yana kyau a hoto."

Ta ajiye makullan wurin wankin mota a kan a-kori-kurar da ba ta gama gogewa ba. Vern yana jiran ta a bakin titi. Suka bi ta tsakanin masu tutoci da masu kwalaye, kowane ɓangare yana kiran ta, suka tafi gida a ƙafa.